An Karɓi Kuɗinki

Nokuthaba ta taɓa rantsewa a gaban jama'a cewa ko gawarta ce kada a saka a motar Baba Mlilo. To ga ta yau a kujerar gaba, da ranta, jaka a kan cinya, motar na fita daga Goli, birnin da take ci-rani, da sassafe tana jan tirela shaƙe da kayan mutane. A can sama, tsakanin firjin wani da buhunan garin masarar wata, an ɗaure keken guragu sabo fil a cikin ledarsa. Na mahaifiyarta ne, MaNyathi, wadda ke kwance a asibiti a Bulawayo, likitoci na ta shawara ko su bar mata ƙafar hagu ko su yanke.

Ba da son ranta ta sayi keken ba. Ta ce ai wannan mugun fata ne. Baba Mlilo ya ce, "Saya, 'yar nan. In Allah ya sa ba a buƙace shi ba, ni zan sayar miki da shi a Tsholotsho har da riba. In kuwa an buƙata, a can sai kun sayar da saniya kafin ku samu." Ta saya, ta goga katinta a na'urar kanti.

Shekara da shekaru Baba Mlilo ne malayishan gidansu, wato direban da ke kai saƙon masu ci-rani gida. Duk ƙarshen wata, in an biya ta albashinta na wanki da guga a otal, sai ta kai masa jaka tashar Hillbrow: sukari, man girki, sabulu, da 'yan kuɗin rand a ƙulle cikin safa. Ba rasit, ba sa hannu, sunansa ne shaidarsa. Ya cire ladansa, ya tsallake iyaka a Beitbridge, ya kutsa cikin yashin bayan Tsholotsho har ƙofar gidansu, ya damƙa wa MaNyathi safar hannu da hannu. Daga nan ya baje a gindin bishiya, ya sha shayi, ya ci gyaɗa. In ya dawo Goli sai ya kawo busasshen ganyen miya da labari: tsohuwa ta ɗan rame, rufin ɗakin girki na yoyo, ƙaninki Mehluli ya sake sayar da kaza ya shanye kuɗin.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Ya sha yin latti, ya sha kai sukari yana warin man girki, kuma in kuɗin mai ya tashi ladansa ya tashi, in mai ya sauko shi ladan yana nan a sama abinsa. Da Nokuthaba ta rabu da shi, abin da ta gaya wa mutane ke nan, wai ya cika tsada. Ƙarya take yi. Bakinsa ne ya raba su, don bakin da ke kawo labarin can shi ne ke kai labarin nan.

Wata rana ya ga wani dogon mutum ɗan Mozambik, Armando, ya rako ta tasha yana ɗauke mata jaka. Bai ko bari shayinsa ya huce ba a gindin bishiya, ya ce wa MaNyathi, "'Yarki ta yi kyau, ta yi ƙiba. Har da mai ɗaukar mata kaya." Ba a kai saniya ko ɗaya gidansu ba, ba wanda ya zo ya durƙusa ya gaida manya. Tsohuwa ta hau surin da ake samun sabis a kansa ta kira 'yarta. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan gidan wa ne?"

Nokuthaba ta dira tasha kamar kububuwa. A gaban direbobi da masu lodi ta wanke shi tas.

"Kuɗi na ba ka ka kai ko tsegumi? Tsoho da kai, baki kamar na mace mai tallan kifi. Daga yau ko gidanmu ka gani yana cin wuta, ka wuce abinka. Ba ruwanka da mu."

Masu lodi suka yi dariya. Baba Mlilo ya ci gaba da ɗaure igiyarsa, ya ce, "Na ji."

Sabuwar hanyar kuwa daɗi gare ta. Ka shiga babban kanti, ka miƙa wa mai karɓar kuɗi rand ɗinka da lambarka, kafin ka fito kuɗi sun riga ka isa gida. Ga sauƙin lada, ga sauri, ga shi kuma waya ba ta shan shayi a gindin bishiyar kowa. Sharaɗi ɗaya ne: wanda aka rubuta sunansa shi zai je rumfar biya da kansa, da katinsa na ɗan ƙasa a hannu. Mehluli ya ce a sa sunansa, tunda shi ke da ƙafar zuwa gari. Ta ce ai ba a ba kura ajiyar nama. Ta sa sunan mahaifiyarta.

A waya MaNyathi ta ce, "To ta yaya za ki san ya iso, tunda ba mai gaya miki?"

"Mama, zamani ya zo. Da zarar kin karɓa, wayata za ta yi ƙara a nan. In na ji ƙarar nan, na san kina lafiya, hankalina ya kwanta."

Ta faɗa ne kawai don a rufe maganar. Kuma ba za ta ce ba ta san hanyar ba. A kanta ta yi makaranta. Daga gidansu zuwa bakin titi yashi ne mai cin ƙafa, in an dace a samu amalanken jaki, in ba a dace ba sai sayyada. A bakin titi a jira mota. A gari a bi layi, wani lokaci a kai gaba a ce kuɗi sun ƙare, a dawo gobe. Duk ta san wannan, ta kuma san tsohuwar na da ciwon suga.

Watannin farko takan duba saƙon ta yi murmushi. An karɓi kuɗinki. Daga baya kamfanin ya fara haɗo mata da tallace-tallace, wayar na ta ƙara a ɗakin guga, shugabar aiki na harararta. Sai ta danna ta kashe ƙarar saƙonninsu gaba ɗaya. Kiran ma ya ja baya, don duk hirar da aka fara sai ta biyo ta kan Armando. Tana tura kuɗi kan kari, ba ta taɓa fashi ba, kuma da wannan take rufe bakin zuciyarta.

Shekaranjiya sai ga Baba Mlilo a ƙofar ɗakinta, hula a hannu. Ya ƙi zama. Ya ce ya tsaya sauke kaya a Tsholotsho, ya ga MaNyathi zaune a ƙasa a barandar rumfar biya, ƙafar a naɗe da tsumma da leda, ƙudaje na bi. Layi bai kai kanta ba jiri ya kwashe ta. Ƙaya ce ta soke ta tun da damina, wurin ya zama gyambo. Ya ɗauke ta zuwa asibitin gari, su kuma suna kwance tsumman suka ce a wuce Bulawayo.

Yanzu sun wuce Polokwane, rana ta take. Fasinjojin baya na ta gardamar canjin dala a kasuwar bayan fage, wani na cewa a Musina ya fi, wata na cewa ɓarayi ne duka. A gaba kuwa shiru. Baba Mlilo, mutumin da ke iya hira da shingen hanya, bai ce uffan ba tun fitowarsu, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

Ita ta gaji ta fara magana. "Baba, me likitan ya ce da bakinsa?"

"Ya ce za su gwada magani su gani. In baƙin bai hau sama ba, yatsu kawai za su cire."

"In ya hau fa?"

Ya sauya giyar mota.

Can ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ko mutum ɗaya."

"Haka ne." Ya yi gyaran murya. "Ni ma ina cikinsu. Tun wajen Ista na gan ta a bakin titi tana jiran mota, tana ɗingishi da sanda. Na rage mata hanya zuwa gari. Na ce MaNyathi, ƙafar nan fa? Ta ce ƙaya ce, ta kusa warkewa. Na dawo Goli, na gan ki da idona kina tsallaka titi wajen tasha. Har na buɗe baki. Sai na ce a raina, ai an ce ko wuta na gani in wuce." Ya girgiza kai. "Tsoho da ni, na biye wa zuciya. Da na sha zagin na faɗa miki, da yanzu wani zance ake."

Da ma ya zage ta. Da ya ce ke kika jawo, da ta samu abin da za ta kama ta yi faɗa. Sai ga shi ya ɗauki rabin laifin ya aza wa kansa, ya bar mata nata rabin ba wurin ajiyewa. Kunya ta rufe ta, ta juya tana kallon gonakin lemo ta taga.

Ya ce, "Amma na yi zaton za ki neme mu tun kafin in zo. Kuɗin wannan watan ai ba ta karɓa ba, tun makon jiya suke can. Wayar ba ta gaya miki ba?"

Ta ciro wayar daga jaka, ta buɗe saƙonnin kamfanin. Suna nan jere, ba wanda aka taɓa buɗewa, tun daga bara. An karɓi kuɗinki. Talla. An karɓi kuɗinki. Talla. Na ƙarshe ya ce kuɗinta na jiran mai karɓa. Kowane ɗaya a cikinsu tafiya ce a cikin yashin nan, da sanda.

Ta ce, "Na kashe ƙarar. Tun tuni. Ban ma san ba ta karɓa ba."

Ya dube ta sau ɗaya, ya mai da idonsa kan titi.

Beitbridge ta cinye musu sauran yinin. Aka sauke tirela kaf, aka sake lodawa. Wani ma'aikaci ya zagaya keken guragun yana tambayar na sayarwa ne, Baba Mlilo ya ja shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka wuce. A tsallaken gadar iyaka ta sayi ruwa da burodi ta miƙa dala. Mai kantin ya ɗaga takardar sama, ya ce ta yage a kusurwa, ba ya karɓa. Ta ba shi rand, ya ce ba canji, ya zuba mata alewa a tafin hannu a madadin ragowar kuɗinta. Ta tsaya tana kallon alewar. A cikin kayan da Mama ke aiko mata ta hannun matafiya a bara, ta sha tarar da irin wannan alewa a ƙulle a gefen ganyen miya, har tana dariya wai tsohuwa ta mai da ita yarinya. Ashe canjin ranakun karɓar kuɗi ne ake tara mata. Ta zuba a jaka, ba ta iya cin burodin ba.

Gari ya waye musu a Bulawayo. Baba Mlilo ya bar fasinjoji na ƙorafi, ya karkata da motar da tirelar da komai zuwa asibiti.

Mehluli na zaune a kan dakalin ƙofar ɗakin mata, ido ja, riga a yamutse. Ba warin giya a jikinsa, kuma wannan ya ba ta tsoro fiye da komai. Ya miƙe.

"Sisi, yayata, kin iso."

"Don me ba ka kira ni ba? Wata nawa tana fama, kana gida kana kallo?"

"Ta hana. Ta ce in na gaya miki ba ta yafe ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Sau nawa ina raka ta har rumfar. Na roƙe su, na ce ga katinta, ga nawa, ni ɗanta ne, ku dubi ƙafarta. Suka ce sunan da aka rubuto shi za su ba. Na ce mata ta sa ki canza sunan. Ta ce sai kin tambayi dalili." Ya yi 'yar dariyar da ba daɗi. "Ni ɗin ma da na kira, cewa za ki yi dabarar cin kuɗi ce. Ko ba haka ba?"

Haka ne kuwa. Ta ce, "Ƙafar fa?"

Ya dubi Baba Mlilo, ya dubi ƙasa. "Jiya da rana. Sun ce ba za a iya jira ba. Ni na sa hannu."

Baba Mlilo ya juya, ya nufi tirela kwance igiyar keken.

Gadon MaNyathi na can ƙarshe kusa da taga. Ta ƙanƙance, kai ba ɗankwali, furfura a fili. Bargon ya tashi a kan ƙafar dama har zuwa yatsu. A hagu ya tashi zuwa gwiwa, daga nan ya kwanta shafe a kan katifa. Nokuthaba ta durƙusa a gefen gadon, ta kama hannunta, ta kasa ɗaga kai.

"Wa nake gani kamar 'yar Goli?" Muryar a dishe take, amma da zolaya a ciki. "Tashi mana in gan ki. Lallai Mlilo bai yi ƙarya ba, kin yi ƙiba."

"Mama, ki yafe mini."

"Me kika yi? Ƙaya ce. Ke kika dasa ta?" Ta shafa kanta. "Ina ɗan Mozambik ɗin? Yana ba ki abinci dai?"

"Yana gaishe ki. Ya ce zai zo da manyansa."

"Ya zo ya same ni a zaune, ba inda za ni." Ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Mehluli ya ba ta ruwa.

Nokuthaba ta ce, "Mama, me ya sa kika ci gaba da zuwa? Da kin bar kuɗin, ai ba guduwa za su yi ba. Da kin zauna a gida ko wata biyu ne ƙafar ta huta."

Tsohuwar ta dube ta kamar ta yi tambayar yara.

"In zauna? Ke kika ce in kin ji ƙarar nan hankalinki ke kwanciya. Kina can ƙasar mutane, kina tsaye kan guga tun safe, in bar ki kina duba waya ba ki ji komai ba? Ba kuɗin ne ke kai ni ba, masara muna da ita. Nakan ce bari in lallaɓa in je, yarinyar nan ta ji ƙararta ta yi barci." Ta matse hannun Nokuthaba. "In na sa hannu a takardarsu, sai in tsaya a baranda in ce, yanzu ta ji. Har daɗi nake ji, kamar na leƙo ɗakinki."

Ƙarar taya ta shigo ɗakin. Baba Mlilo ne ke turo keken, bai gama cire ledar ba. Ya tsaya a ƙarshen gadon.

MaNyathi ta ce, "Wannan karon ne na kasa. Saura mutum kaɗan a gabana. Tun da na farfaɗo abin ke cina, na ce ga shi can ta ji shiru, hankalinta ya tashi, ba ta ci ba ta sha. Ko ba haka ba, Mlilo? Kai ka gan ta."

Nokuthaba ta ɗago ta dube shi. Wayar na cikin jakarta, a jikin cinyarta. Shi kaɗai ya san abin da ke ciki, mutumin da bai saba ganin abu ya haɗiye ba. Ba ta san abin da take roƙo da idonta ba, ya rufa mata asiri ko ya tona ta huta.

Baba Mlilo ya murza hularsa. Ya ce, "Haka ne, MaNyathi. Waya a hannu na same ta. Kafin in buɗe baki ta ce, Baba, ban ji ƙara ba, me ya samu Mama?"

"Ka ji ko," in ji tsohuwar, tana duban Mehluli. "Na gaya maka."

Ta lumshe ido, fuskarta a sake, hannunta har yanzu a cikin na 'yarta. Baba Mlilo ya ce fasinjoji na jiransa, zai biyo ƙarshen wata ya sha shayi. Nokuthaba ta so ta bi shi waje, ta gode masa ko ta zage shi, amma Mama ba ta saki hannun ba.

Can tsohuwar ta ce, ido a rufe, "Ban taɓa jin ta ba, kin sani. Yaya take yi, ƙarar? Kunna mini in ji."

Nokuthaba ta ciro wayar da hannu ɗaya. Ta daɗe tana lalube a cikinta, tana neman inda ta kashe.